Lambar wanda teku ta ci, nawa ne kuɗinta?

A gidajen gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans, kowane dillali ya san lambar yabon sojan da ya mutu a fagen daga ta fi ta wanda ya dawo gida tsada. In kuwa hafsan sojan ruwa ne da ya nutse tare da sanannen jirgi, farashin sai abin da ya yi gaba. Mutuwarsa ce ta ƙara wa kayan daraja, kuma wannan bai kwanta mini ba.

Sojan ƙasa in ya faɗi, galibi akan samu kabarin da iyali za su ziyarta. Na ruwa fa? Ranar 24 ga Mayu 1941 da Jamusawa suka nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya Hood, mutum uku kacal suka tsira cikin 1,418. Sauran sai dai sunayensu a jikin bango, akasari a garin Portsmouth na Ingila. Abin da ya isa hannun uwa ko mata shi ne ɗan kwali, da lambobi a ciki, da takardar ta'aziyya.

Dubi Gerard Roope, kwamandan ƙaramin jirgin Glowworm. Ranar 8 ga Afrilu 1940, a tekun Norway, ya yi arba da jirgin yaƙin Jamus Admiral Hipper wanda ya ninka nasa girma, da wuta ta yi wuta sai ya kai masa karo. Glowworm ya nutse. Jamusawa suka tsaya ceton waɗanda suka rage, Roope ya kama igiya ana jan sa sama, ƙarfinsa ya ƙare, ya koma ruwa. Kyaftin ɗin abokan gaba, Hellmuth Heye, shi ya rubuta wa Birtaniya ta hannun ƙungiyar Red Cross cewa mutumin nan ya cancanci yabo. Bayan yaƙi aka miƙa wa matarsa Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya. Tagulla ce 'yar ƙarama, amma wa zai yi mata kuɗi?

Amurka ta yanke magana, doka ta hana sayar da Medal of Honor, lambar jarumta mafi girma ta sojanta. Ni dai ban goyi bayan a kwaikwaye ta ba. Lamba gado ce, kuma jikan da talauci ya kama bai yi laifi ba don ya sayar da gadonsa. Haramci ba ya kashe ciniki, bayan fage kawai yake mayar da shi. Sannan a gaya gaskiya, masu tarawan nan suna aiki. Lambobin da Birtaniya ta raba wa kowa a Yaƙin Duniya na Biyu ba a buga musu suna ba, har da Burma Star da tsofaffin sojojinmu na yaƙin Bama suka samo. Da zarar takarda ta rabu da lamba, shi ke nan, mai ita ya ɓata. Mai tarawa shi ke bin kundin jirgi ya haɗa su.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an saya. Wani attajirin Birtaniya, Lord Ashcroft, ya fara tarawa a 1986 da lambar wani sojan ruwa, James Magennis, ya tara Victoria Cross sama da 200, ya baje su a gidan tarihin yaƙi na Landan daga 2010. A 2025 gidan ya sanar zai rufe zauren. In wanda ya fi kowa tarawa zai iya rasa wurin nunawa, ina ga lambobin da ke kulle a akwatunan attajirai?

Birtaniya tana da tsarin dakatar da fitar da kayan tarihi waje har gidajen tarihi su nemi kuɗin saye. Kamata ya yi a faɗaɗa shi zuwa cinikin cikin gida: kafin lambar wanda ya mutu a teku ta hau teburin gwanjo, a fara yi wa gidan tarihin sojan ruwa da ke Portsmouth tayi, a kuma rubuta inda kowace ta koma.