Kwashe shara ba aikin gwamnati kaɗai ba ne

Yana damuna yadda ake yawan cewa shara matsalar gwamnati ce ita kaɗai, mu namu zubarwa. Masu wannan magana suna da hujja. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora kwashe shara a kan ƙananan hukumomi, a Kano kuma ga hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, da motocinta. Wanda yake biyan haraji yana da haƙƙin ya tambaya.

Sai dai aikin mota daga bola yake farawa. Tsakanin ƙofar gida da bolar kuwa, hannun mutanen unguwa ne. Ɗauki lungunan cikin birnin Kano, inda wani wurin baro ma da ƙyar yake wucewa. Babu tifar da za ta shiga can. Idan mai unguwa da dattawa ba su tsayar da wurin zubarwa ɗaya ba, suka sa matasa masu baro suna bi gida-gida ana ba su ɗan abin hasafi, sharar a kwata za ta ƙare. Leda da robar ruwa su toshe magudana, damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakuna, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Kuma maganar mai unguwa ko limami tana da nauyin da takardar ofis ba ta da shi, domin sun san kowane gida. Unguwar da ta haɗa kai ta tara shararta wuri guda ita ce ke iya zuwa sakatariya da murya ɗaya ta nemi a turo mota.