Gidan naka ne, amma kasuwar bashi ke yanke maka abin da za ka biya

Jama'a, wani abokin aikina ɗan Zariya a nan Birmingham ta Ingila ya nuna min takardar da bankinsa ya aiko masa, wallahi har yanzu raina bai kwanta ba. Lokacin korona ya ci bashin gida, ruwan bai kai kashi 2 ba, yanzu wa'adin ya cika sun ninka masa fiye da biyu, kuma bawan Allahn nan ko wata ɗaya bai taɓa makara da biya ba.

A nan mogej ake ci, wato bashin sayen gida, shekara 25 ko 30 kana biya, amma yawanci ruwan na shekara 2 ko 5 kawai ake ɗaurewa, in ya ƙare a sake lale. Sabon farashin kuma ba ruwansa da halinka, banki na duba abin da gwamnati ke biyan masu ba ta rance da inda kasuwa ke ganin ruwan Bankin Ingila, babban bankin ƙasar, zai dosa, sai ya ɗora nasa a kai. Ran 23 ga Satumba 2022 Kwasi Kwarteng, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 bai faɗi inda kuɗin zai fito ba, masu jari suka tsorata suka yi ta sayar da takardun bashin gwamnati, ruwan da gwamnati ke biya ya yi sama, cikin 'yan kwanaki bankuna suka janye ɗaruruwan tayin mogej, kafin Oktoba ya ƙare ruwan mogej na shekara 2 ya haura kashi 6. Firayim Minista Liz Truss ta sauka ta yi tafiyarta, masu gida aka bari da biya.

Eh na sani, a Najeriya ruwan banki ya wuce kashi 20, kuma a nan direban bas ma yana iya mallakar gida. Amma wane irin mallaka ne wannan don Allah? Mu fa a Najeriya ka sayi filinka, bana bulo, baɗi kwano, ka tare a ɗaki ɗaya sauran na kango, ba ministan da zai yi jawabi a hana ka barci. Ga maganar riba da kullum take cin mutum a rai, mogej na Musulunci da ake yi a nan ma, hayar da ake biya a maimakon ruwa kasuwar dai take bi.

Abin da ya fi damuna yarana ne, sun taso suna ganin kowane babba da bashin shekara 30 a wuyansa, har babbar tana tambayata yaushe za mu ci namu. Na ce mata filinmu na Kano ba bankin da ya san da shi, in Allah ya yarda bana za a fara zuba fandishon.