Ƙannena, a ina muka yar da adon harshe?

Daminar bara, a wani ƙauye da ke kusa da Ringim, wa da ƙani sun yi rigima a kan iyakar gonar gado har aka kai su gaban dagaci. Kowa na kumfar baki, ana ta "wallahi ba zan yarda ba." Kawun mahaifinsu yana gefe a kan buzu, yana jan carbi, bai tanka ba. Da suka lafa sai ya ɗago ya ce, "'Ya'yana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Babban ya sunkuyar da kai, don ya san wane maƙwabci ne ke zuga shi, kuma ya san tsohon ya sani. Ba a kama sunan kowa ba, ba a kunyata kowa ba.

Wannan gadon nake jin tsoron mu yar. Iyayenmu ba sa jefa magana tsirara, sai sun yi mata sutura. In sun je neman aure, su ce sun zo neman iri. Mace mai ciki, tana da juna biyu. In ta haihu, ta sauka. Wanda ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya. A aji malamin Hausa yana kiran irin waɗannan dabaru adon harshe: kamantawa, in ka ce yaro ya yi tsayi kamar rimi, siffantawa, in ka ce kai tsaye wane zaki ne, mutuntarwa, in ka ce gero ya yi murmushi bayan ruwa. Almajirin zaure ya san su a ilimin balaga da sunan tashbihi da isti'ara da kinaya. Allah Maɗaukaki ma, a aya ta 24 cikin Suratu Ibrahim, ya buga misalin kalma mai kyau da itaciya mai kyau, tushenta a kafe, reshenta a sama.

To mu fa? Cikin duk wannan dukiya, habaici da gugar zana kaɗai muka ɗauko, su ma don yanka. An saɓa da aboki a majalisa, kafin magariba an ɗora shaguɓe a WhatsApp. In an tambaya, sai a ce ai ban kama suna ba. Haba! Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, a ƙauyen da kowa ya san kowa ballantana. Na ga 'yan mata biyu, ƙawaye tun suna tallan fura, sun daina gaisawa saboda layi ɗaya da ɗayarsu ta rubuta, har iyayensu mata suka shiga ciki. Ku sake duba aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi.

Ban ce ku bar zaurance da barkwanci ba, nima ina yi. Amma ku koyi hannunka-mai-sanda, irin wanda ke gyara mutum mutuncinsa na nan. Ku raka Baba kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ku saurari yadda dillali ke lallashin mai sa da mai saye har a yi sallama. Bayan sallar isha ku zauna kusa da Kaka, waya a hannu, ku ce ta kawo karin magana goma, ku rubuta, ku tambaye ta inda ake faɗin kowanne da wanda ba a faɗa wa shi.