Waya ta haɗiye biyu, ta ukun ta maƙale mata a wuya

Shekaranjiya ƙanena ya turo min saƙo: "Yaya, yaron nan ya ishe ni, kuma ba na son in ba shi waya tun yanzu. Ƙaramar tabilet zan saya masa, ko na'urar jin waƙa, ko ta buga gem?" Na soma rubuta masa amsa, da na ga ta fi ƙarfin saƙon waya sai na ce bari in kawo ta nan, don na san ba shi kaɗai ne ke wannan lissafin ba.

A ganina, cikin ukun nan biyu waya ta riga ta gama da su, ko da kuwa har yanzu ana ganinsu a kasuwa. Ta gem ce kaɗai ta sha, kuma ba don injinta ya fi nasu ƙarfi ba ne.

Tabilet ɗin aljihu ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A 2005 Nokia ta fitar da 770, fuskarta inci 4 da ɗoriya, ba ta ɗaukar layi, intanet kawai ake shiga da ita. A 2007 Apple ya kawo iPod touch mai inci 3.5, wadda in ka duba da kyau iPhone ce aka cire wa layi. A lokacin suna da amfani, domin fuskar wayoyi ba ta taka kara ta karya ba. Da Dell ya fito da Streak mai inci 5 a 2010, dariya aka yi ta yi, wai ta yi wa kunne girma, ta yi wa tabilet ƙanƙanta. Shekara ɗaya bayan nan Samsung ya fitar da Galaxy Note mai inci 5.3, ta kuwa ci kasuwa. Yau wayar da ke hannunka, kai mai karanta wannan rubutun, da wuya fuskarta ta gaza inci 6. Wato waya ta yi ta kumbura har ta zaune wurin da tabilet ɗin aljihu take zama. Dole tabilet ta gudu sama: iPad mini ta fara da inci 7.9 a 2012, yanzu ta kai 8.3. Gwada cusa ta a aljihun wando ka gani.

Na'urar jin waƙa labarinta ya fi taɓa ni. Sony ya raba mutum da rediyon ɗaki a 1979 da Walkman mai kaset. A 2001 iPod ta zo da gigabait 5, waƙa dubu a aljihu, abin da a lokacin ya yi kama da tatsuniya. Microsoft ya gwada sa'arsa da Zune a 2006, zuwa 2011 ya naɗe tabarmarsa. Ita ma iPod ɗin, a watan Mayun 2022 Apple ya sanar da daina yin ta ƙarshe. Ba wani abu ya kashe su ba illa waya ta iya aikinsu daidai da su, kuma mutane suka koma jin waƙa kai tsaye ta intanet, suka daina loda ta a memori.

To amma ba ta mutu murus ba. Har gobe Sony na yin Walkman, sai dai yanzu galibi Android ce a cikinta, ga kamfanoni irin su FiiO da Astell&Kern suna yi wa masu kunnen zinariya. Abin da ya ƙara musu kwana shi ne tun da iPhone 7 ta fito a 2016 babu ramin iyafis, sauran kamfanoni suka bi sahu. Masu irin waɗannan na'urori za su ce maka ɓangaren da ke mayar da lambobi sauti ya fi na waya inganci. Ban musa ba, amma in iyafis ɗinka na banza ne, ba za ka ji bambancin ba ko za ka kwana kana saurare.

Ni abin da ya sa nake riƙe da tawa daban ne. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta fi kwalin ashana ba, ba intanet, ba kamara. In na fita tattaki da safe sai in maƙala ta a wuyan riga. Ko karatu nake ji ko waƙa, babu mai kira ya katse ni, babu saƙon da zai sa in ce bari in leƙa, in farga minti ashirin sun tafi. Babban yatsana ya san inda madannin gaba yake, ba sai na kalla ba. Rashin iyawarta shi ne na saya. Sai dai na sani sarai irinmu ba mu da yawa.

Wannan maganar yatsa ita ce ta kawo ni kan gem.

A 1989 Nintendo ta fitar da Game Boy. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Gunpei Yokoi, yana da aƙidar da Bahaushe zai gane nan take: da tsohuwar zuma ake magani. Bai bi sabuwar fasaha mai tsada ba, ya ɗauki wadda ta kwana biyu, ta yi arha, an san halinta. Fuskar Game Boy ba kala, wani kore-kore ne mai inuwa huɗu, ba ta ma da fitila. A 1990 Sega ta zo da Game Gear mai kala da haske, wanda duk ya gan su gefe da gefe zai ce an gama da Nintendo. Amma Game Gear batir shida take ci, cikin awa uku zuwa biyar ta shanye su, ita kuwa Game Boy da batir huɗu sai ta haura awa goma tana aiki. Game Boy da ƙanwarta mai kala sun sayar da sama da miliyan 118. Game Gear ko kusa ba ta je ba.

Tarihi ya sake maimaita kansa a 2004. PSP ta Sony abar sha'awa ce: fuska inci 4.3, tana kunna fim, tana kunna waƙa, tana nuna hoto, daga baya har intanet ake shiga da ita. Wato duka ukun da ƙanena ke tambaya a jiki ɗaya. DS ta Nintendo kuwa a farkonta gem kawai ta sa a gaba. PSP ta yi ƙoƙari, ta kai wajen miliyan 80, amma DS ta wuce miliyan 154. Da wayoyin shafa suka zo, duk abin da PSP ke taƙama da shi bayan gem sai ya zama ba komai ba.

Kada in yi son kai, waya ta ciji na'urorin gem ma. 3DS ta 2011, magajiyar DS, rabin abin da DS ta sayar ta samu, PS Vita kuma Sony ya daina yin ta a 2019 bai yi mata magajiya ba. Mutane da dama sun yi wa wannan kasuwa jana'iza. Sai ga Switch ta Nintendo a 2017, ita ma ta zarce miliyan 150.

Me ya hana waya haɗiye wannan? Madannai. Gilashi ba ya amsa wa yatsa. In kana buga gem mai buƙatar tsalle a daidai daƙiƙa, a waya yatsunka biyu sun rufe kusurwoyin abin da kake kallo, kuma ba ka san ka danna ko ba ka danna ba sai ka ga ɗan wasanka ya faɗa rami. A na'urar gem yatsa ke ji, ido na can yana aikinsa. An gwada haɗa biyun: N-Gage ta Nokia a 2003 sai ka cire batir kafin ka canza katin gem, kuma a karkace ake kara ta a kunne in za a amsa kira. Xperia Play ta 2011 ma ba ta je ko'ina ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma abin da ya shafi iyaye kai tsaye. Yawancin gem ɗin waya kyauta ake saukewa, amma da talla da 'yan saye-sayen cikin wasa suke mayar da kuɗinsu, saboda haka an tsara su ne don yaro ya kasa ajiyewa. Na na'urar gem galibi sau ɗaya kake biya, wasan yana da farko yana da ƙarshe. Na ce galibi, don can ma ba a rasa masu tatsa.

Wani zai ce ai ana sayar da madannan da ake maƙala wa waya. Haka ne, kuma suna aiki. Amma ka ga ka riga ka ɗauki kaya na biyu, ga wayar na zafi, ga cajin da za ka nemi mutane da shi yana zurarewa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne wadda ta tsira ɗin ma sai da ta bar aljihu. Steam Deck ta 2022 fuskarta inci 7, nauyinta giram 669, sai da jaka. Switch 2 ta 2025 inci 7.9 ce, daidai da iPad mini ta farko. Da Yokoi zai ga yadda suke shan caji, da ya girgiza kai. In ana neman mai dama-dama, Switch Lite ta 2019 ce mai inci 5.5, sai kuma ƙananan nan da ake ƙerawa a Sin don buga tsofaffin gem, waɗanda maganar haƙƙin mallakar wasannin da ke cikinsu wani zance ne daban.

Na ce wa ƙanena ya zauna da yaron ya ji me yake so. In karatu ne da kallo, ya sayi babbar tabilet, ya manta da zancen aljihu. In saurare ne, 'yar ƙaramar na'ura mara intanet ta wadatar. In wasa ne, ya nemi mai madannai. Da daddare sai ga amsa: "Yaya, na tambaye shi, ya ce duka ukun yake so a haɗe." Na ce masa to ai yaron nan ya fi mu wayo, waya yake nufi.