Fitilar shuke-shuke da ranar da muka baro a gida

A tsakiyar watan Disamba wani dattijo maƙwabcina a nan ƙasar Finlan, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran wutar lantarki, ya kira ni gidansa domin in ga fitilar da ya haɗa da hannunsa saboda shuke-shuken da yake reno a cikin ɗaki. Na yaba aikin, domin ya cancanci yabo, amma da muka zo sallama sai ya yi wata magana cikin raha wadda har yanzu take ci mini rai: ya ce da su mutanen Finlan ne suke da irin ranar da muke da ita a Afirka, da sun ciyar da rabin duniya. Ban tanka masa ba, saboda ya girme ni kuma a gidansa nake, amma maganar tana buƙatar amsa, kuma amsar ba za ta fito ba sai an san abin da irin wannan fitila take yi da abin da ya fi ƙarfinta.

Wanda bai taɓa yin hunturu a Finlan ba zai sha wahalar gane abin da zai sa mutum mai hankali ya zauna ya ƙera wa tsiro fitila. Birnin Helsinki yana kan digiri 60 a arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a ƙarshen Disamba tsawon yininsa bai kai awa shida ba. Rana takan fito bayan ƙarfe tara na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe uku, kuma ko da tsaka ba ta ɗagawa sama da digiri bakwai daga doron ƙasa, sai dai ta yi ta raɓewa a bayan gine-gine da itatuwa, in ma gajimare ya bari an gan ta, alhali yakan rufe ta kwanaki a jere. A can ƙarshen arewacin ƙasar kuwa, takan yi kimanin kwana 50 ba ta leƙo ba sam. Ɗakunan suna da ɗumi, domin ana bi da bututun ruwan zafi ta ƙarƙashin tagogi, tagogin kuma gilashi ne rufi biyu ko uku, saboda haka tsiron da ke cikin ɗaki yana samun ɗumin da ke sa shi cinye abincin da ya tara, ba ya kuma samun hasken da zai haɗa wani. Sai karansa ya yi tsawo ya sirance, ganyensa ya koɗe, ya karkata wajen taga, daga baya ya kwanta.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fanni ido yana yaudarar mai shi, domin yana sabawa da duhu ya ɗauke shi haske. Ɗakin da mutum yake karatu a ciki ba tare da wata wahala ba yana da hasken da bai wuce laks 300 zuwa 500 ba (laks shi ne ma'aunin yawan hasken da ke sauka a wuri), yayin da tsakar rana mai tsaftataccen sama take kaiwa kusan laks 100,000. Wannan tazarar ce fitilar take ƙoƙarin ragewa.

Abin da dattijon ya haɗa ba shi da wani asiri. Kanta ce ta ƙarfe mai hawa uku, kuma a ƙarƙashin kowane hawa ya jera zirin ƙananan fitilun LED masu aiki da bolt 24, ya manna kowane ziri a kan siririn aluminiyam, saboda zafi ne babban abokin gaban LED, yana rage haskenta yana kuma taƙaita kwananta, aluminiyam ɗin kuwa yana zuƙe zafin ya watsar. Ya zaɓi ƙaramin bolt ne domin wuri ne da ake zuba ruwa kullum, na'urar da ke rage ƙarfin wutar gida kuma ya ɗaure ta can sama inda ruwa ba zai kai ba, ya kuma sayi wadda ta ɗara nauyin da zai ɗora mata da kusan kashi ɗaya cikin biyar don kada ta riƙa aiki a maƙura. Duk inda ya haɗa waya ya liƙe da darma ya rufe da roba. Fitilun suna rataye da 'yar sarƙa mai ƙugiya, ta yadda idan tsiro ya ƙara tsawo zai ɗaga su zobe ɗaya ko biyu, ya kewaye kantar da allunan da ya shafa wa farin fenti domin su mayar da hasken da zai zube a banza, sannan ya sa wata 'yar fankar tsohuwar kwamfuta tana kaɗa ganyen a hankali, wadda ke ƙarfafa kara ta kuma hana fumfuna zama a kan ƙasa. Kowane hawa yana cin wat 40, kuma tsakanin fitila da ganye kimanin santimita 20 ne.

Wannan tazarar ba ado ba ce. Hasken da ke fitowa daga ƙwan fitila guda yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu idan aka ninka nisa sau biyu, kuma ko da yake dogon ziri ba ya saurin raguwa haka, fitilar da aka rataye a rufin ɗaki kusan ba ta amfanar tukunyar da ke ƙasa. A da, lokacin da ƙwan fitila mai zare ne a hannun mutane, kusantar da shi yana ƙona ganye, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama. LED ce ta sauya lamarin, musamman bayan da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗiyar LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, kuma daga shuɗiyar ce ake samar da farar da ke cikin gidaje a yau.

Ganye yana amfani da hasken da tsawon zangonsa ya kama daga nanomita 400 zuwa 700, wato kusan duk hasken da idon mutum yake gani, kuma sinadarin da ke sa shi kore ya fi zuƙar shuɗi da ja. Shi ya sa idan mutum ya bi unguwa da yamma a nan, yana taka dusar ƙanƙara, zai ga tagogi jefi-jefi suna fitar da wani irin haske mai launin shunayya, wanda haɗin ja da shuɗi ne, kuma ni dai ban taɓa jin daɗin ganinsa ba. Dattijon ma bai yi amfani da shi ba; farar fitila ya sa, mai Kelbin 4000 zuwa 6500 a ma'aunin launin haske, bisa hujjar cewa tana ɗauke da ja da shuɗin da ake buƙata, kuma a ƙarƙashinta mutum zai ga ainihin launin ganye ya gane ciwo ko ƙwaro da wuri. Akwai kuma agogon soket da ke kunna fitilun ƙarfe shida na safe ya kashe su ƙarfe goma na dare, domin tsiro yana buƙatar duhu, kuma tun 1920 masanan Amurka biyu, Garner da Allard, suka nuna cewa tsawon yini ne ke gaya wa tsirrai da yawa lokacin da za su yi fure.

Ba zan hana mutanen nan haƙƙinsu ba. Rashi ya koya musu auna abin da mu ba mu taɓa tunanin aunawa ba, har ma mai reno na sha'awa yakan ɗora wayarsa a kan ganye ya karanta yawan hasken da ke sauka, ya rubuta a littafi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ina ganin ƙimarta.

Amma a yi lissafin da su kansu suke alfahari da shi. Wayar dattijon ta nuna kusan laks 10,000 a saman ganyensa, wato kashi ɗaya cikin goma na tsakar rana. Fitilar tana ci awa 16, saboda haka duk abin da take bayarwa daga asuba zuwa dare bai kai na awa biyu na tsakar ranar gida ba. A kan wannan ɗan abin, hawa ɗaya yana cin fiye da rabin yunit na wuta kowace rana, kusan yunit 19 a wata, kuma abin da ake samu 'yan ganyaye ne da dashen da zai jira watan Mayu kafin a fitar da shi waje. Ba sai na bayyana wa mai karatu yadda namu yinin yake ba. Ya isa a ce bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a wajenmu kimanin awa ɗaya da rabi ne kawai, kuma ko a ƙarshen Disamba rana tana hawa fiye da digiri 50. Rashin uwa ne ya sa suka yi uwar ɗaki, kuma ba laifi ba ne, sai dai bai kamata wanda ya yi hakan ya riƙa yi wa mai uwa gori ba.

Kuskuren da ke cikin maganar dattijon shi ne ya ɗauka cewa abin da ya ƙaranta a wajensa shi ne mabuɗin noma a ko'ina. Tun a ƙarni na 19 masanin Jamus Justus von Liebig ya yaɗa ƙa'idar da ke cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan abin da ya fi ƙaranci daga cikin buƙatunta, komai yawan sauran. A wajensu haske ne ya yi ƙaranci, ruwa kuwa ga shi nan, ƙasar cike take da tafkuna. A wajenmu haske ya yi yawa, har ganyen tsirrai da dama ya ƙoshi tun kafin rana ta kai tsaka, abin da ya biyo baya kuma nauyi ne a kansa. Idan zafi ya tsananta kuma ƙasa ta bushe, ganye yakan rufe ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska ta cikinsu domin ya tsare ruwansa, kuma da zarar ya rufe, haɗa abinci ya tsaya ko da rana tana tsakiyar sama. Fure yakan zube ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Ina so in ga yadda dattijon zai yi da dashensa a watan Afrilu a wajenmu, inda tukunyar da aka shayar da safe take bushewa kafin azahar.

Saboda haka gwanintar namu mutanen ta tafi ne ta ɗaya ɓangaren, kuma ba a kiranta fasaha ne kawai don babu waya da soket a cikinta. Mai renon dashe da ya kafa rumfa a kan fangalinsa, ya riƙa rage rufin kaɗan-kaɗan yayin da tsiron yake ƙarfi, har ya saba da rana kafin a dasa shi, aikin da yake yi daidai yake da na mai ɗaga sarƙar fitila: dukansu suna daidaita yawan hasken da ke sauka a kan ganye gwargwadon shekarun tsiron. Bambancin shi ne ɗaya yana da lambobi da littafi da hotuna a intanet, ɗayan kuma yana da rumfarsa kawai, shi ya sa ake ganin na farko masani, na biyu kuma wanda aka ba rana ya kasa cin moriyarta.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ma mun fara yarda da wannan kallon. Wasu matasa daga gida sukan turo mini bidiyon irin waɗannan kantoci masu haske suna tambayar yadda za su haɗa nasu, kuma da yake wutar lantarki ba ta tsayawa awa 16 a jere, shawararsu ita ce su haɗa da sola. A duba wannan hanya da kyau. Faifan sola yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta, batir ya ci nasa rabon, LED kuma ta mayar da kusan rabin abin da ya iso gare ta zuwa haske, ta yadda abin da zai kai ga ganye da ƙyar zai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya faɗo a kan rufin. Mutum ya kashe dukiya ya rufe tsiro a ɗaki domin ya ba shi ushirin abin da zai samu kyauta idan aka matsar da tukunyar zuwa bakin ƙofa.

Akwai wuraren da fitilar take da hujja ko a ƙasa mai rana, kamar ɗakin binciken da ake renon ƙwayoyin tsiro a cikin kwalabe inda ake son haske mara canzawa, ko gidan bene da tagoginsa suke fuskantar bangon maƙwabci. A irin waɗannan wurare farar LED a kan aluminiyam, kusa da ganye, da agogon da zai kashe ta da dare, ta wadatar, kuma duk mai gyaran wuta zai haɗa ta a yini ɗaya. Sauran masu tambaya kuwa ina gaya musu su sauke manhajar auna haske a wayarsu, su auna a fili da tsakar rana, su auna a ƙarƙashin rumfa da gindin bishiya da bakin taga, su rubuta inda kowane irin dashe ya fi yin kyau, sannan kuɗin fitila da batir su sa shi a tankin ruwa da ragar inuwa.