Bazazzagi Ya Sallami Mai Makulli

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. Ina mai gyaran? Ko ya tafi ƙirga kuɗi?

BAKANO: Wa alaikumussalam. A'a, bawana ne da kansa! Me ya fito da kai daga birnin ilimi da rana tsaka?

BAZAZZAGI: Ubangidanka dai. Kwamfutar nan ce ta ƙi tashi. Ba wai ban san matsalar ba, hannuna ne ba na so ya yi datti.

BAKANO: Kunna mu gani. To, ga baƙin allo. Ta ce ta nemi faifan da ke da wannan doguwar lambar UUID ba ta gan shi ba, ta ajiye ka a BusyBox, ɗan wurin buga umarni na gaggawa. Ubuntu ce, wani nau'in Linux. Me ka taɓa?

BAZAZZAGI: Ban taɓa komai ba.

BAKANO: Duk wanda ya shigo shagon nan bai taɓa komai ba. Aljanu ne ke shiga /etc/modprobe.d, ma'ajiyar dokokin direbobi, cikin dare.

BAZAZZAGI: To, ɗan gyara na yi. Direban katin hoto na Nvidia zan sa, aka ce sai na hana nouveau, direban da ya zo da tsarin, tashi don kada su yi faɗa. Na buɗe fayil na rubuta blacklist nouveau.

BAKANO: Wannan daidai ne. Sai me?

BAZAZZAGI: Sai na ga abin ya yi daɗi. Na buga lsmod in ga direbobin da ke aiki, sunaye suka zubo kamar ba za su ƙare ba. Na ce wannan taron ne ke sa ta nauyi. Duk wanda ban san shi ba na sa shi a jerin korarru.

BAKANO: Inna lillahi. Har da ahci?

BAZAZZAGI: Shi na fara kora. Sunan ma kamar atishawa.

BAKANO: Malam, kanel, wato zuciyar Linux, maigida ne, waɗannan kuma barorinsa ne, kowa da aikinsa. Ahci shi ke riƙe da makullin rumbu, shi ke magana da faifan SATA. Ka sallame shi, sannan ka ce maigida ya ɗebo hatsi.

BAZAZZAGI: Ai ƙarya ta ƙare a nan. Fayil ɗin da na rubuta yana cikin faifan. Idan ba ta iya buɗe faifan, ina ta karanta umarnina?

BAKANO: Ka ga, wani lokacin karatun naku yana da rana. Ka buga update-initramfs?

BAZAZZAGI: Ƙwarai. Haka aka ce.

BAKANO: To shi ya kwafi dokarka ya cusa cikin initramfs, ɗan ƙunshin da GRUB, mai tayar da kwamfutar, ke loda wa kanel kafin a kai ga ainihin tsarin. Bari mu sake kunnawa, in danna Esc jerin GRUB ya fito, mu hau tsohon kanel. Nasa ƙunshin yana nan lafiya... Kai! Shi ma ya faɗi a wuri ɗaya.

BAZAZZAGI: Au, na ƙara masa -k all. Ba na son aiki rabi da rabi.

BAKANO: Wato ka bi tsofaffin ma ɗaya bayan ɗaya ka lalata. Sannu da ƙoƙari.

BAZAZZAGI: Ba sai a goge komai a sa Windows ba?

BAKANO: Da wani shagon ka shiga da yanzu an goge, an karɓi kuɗinka, kana yi musu godiya. Matsa. Blacklist ba ta fitar da ahci daga ƙunshin, hana shi zuwa da kansa kawai take yi. In ka kira sunansa zai amsa. Ga shi: modprobe ahci. Sai exit.

BAZAZZAGI: La! Ta tashi! Dama abin da nake shirin yi ke nan.

BAKANO: Na sani, a fuskarka na gani. Yanzu in goge layin ahci, in sake buga update-initramfs -u -k all, in ba haka ba gobe da safe kana nan. Dubu uku.

BAZAZZAGI: Tsaya tukuna. Ina intanet? Sauti ma babu.

BAKANO: Ga iwlwifi a layi na huɗu, ga snd_hda_intel a na bakwai. Kai ka kore su. Kowane layi ɗari biyar.

BAZAZZAGI: Bakano ke nan! Ko gaisuwa sai ka sa mata farashi. Linus Torvalds tun 1991 yake ba da kanel ɗin nan kyauta.

BAKANO: Shi ba ya biyan hayar shago a Kano. In ka ga dama ka kai masa.

BAZAZZAGI: Don Allah yi sauri ka gyara duka. Kafin la'asar nake so ta koma inda na ɗauko ta.

BAKANO: Inda ka ɗauko ta? Ba taka ba ce?

BAZAZZAGI: Ta uwargida ce. Aikin digirinta na ciki, kuma ba ta san na fito da ita ba.

BAKANO: Yaro, kawo wa bawana kujera da ruwan sanyi. Malam, dubu goma.