Wai garantinsu bai san kuran ba

Jama'a yau kam an taɓa ni. Tun ƙarhe goma sha ɗaya na dawo daga kasuwa har yanzu zuciyata ba ta sauka ba, shayin ma da na ɗora ya ƙone ban sani ba.

Wata takwas na yi ina tara kayan ordinatar ɗin nan, wato kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya kamar mai haɗa lehe. Kart mer, babban allon da ake jona komi a kai, da forosesar, ƙwaƙwalwar mashin ɗin, wani abokina ya taho mini da su daga Kano, baret biyu na RAM DDR4, ƴan allunan memori, masu jiga 8 kowace, akwatin kuwa tsoho ne na wanke shi. Da hannuna na ɗaure kowane kusa. Da ita nike buga ma ɗalibai memuwar ɗinsu, kundin gama karatu, in yi katin biki, in samu na cefane. Abu na ƙarshe da na saya shi ne alimantasiyo, akwatin nan mai raba ma kayan ciki wuta, sati ukku da sunka wuce, jika 18 lakadan, mai butik ɗin ya dafa ƙirji ya ce garanti wata ukku.

Shekaranjiya da la'asar kuran, wato wutar lantarki, ya tahi, ya dawo, ya sake tahiya, sannan ya dawo da wani irin ƙarhi har ampul ɗin ɗaki ya yi fari fat. Sai na ji ɗas, da ɗan warin ƙonannar roba. Na danna maɓalli, shiru. Fanka ba ta motsa ba, ko ɗan hasken nan na jikin kart mer babu. E na sani, batirin ondilar ɗina, akwatin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, ya mutu tun bazara ban canza ba, kar wani ya zo ya tuna mini, shi ma wannan kuran ɗin ne ya cinye shi.

Ban ruga wurin kowa ba, na zauna na bi ta daki-daki. Na canza wayar wuta, na canza firiz ɗin bango, wurin jona wuta. Na zare babbar fish mai ƙafa 24 da ƙaramar ta forosesar na maida su har sunka ce ƙas. Na cire wayar maɓalli na haɗa ƙafafun nan biyu da bakin turnabis ko maɓallin ne ya lalace, babu labari. Na fidda baret ɗin RAM na goge bakinsu da gom, na hure ƙurar da ta cika ramin, na gwada ɗaya ɗaya. Na cire ɗan batirin nan CR2032 mai kama da kwabo na jira na maida. Daga ƙarshe na fiddo alimantasiyo ɗin ita kaɗai, na lanƙwasa ƴar waya na haɗa koren zare da baƙi na sa wuta, in tana da rai fankarta sai ta juya. Ko gezau. Na ari ta maƙwabcina na jona, ordinatar ta tashi garau har da ƙarar bip ɗinta. To mi ya rage kuma?

Na hau kabu-kabu da gawar a leda. Na yi sallama, yaron butik yana kallon TikTok bai ko ɗago kai ba. Na sake sallama. Alhajin yana kishingiɗe bisa kujera yana sakace, ya amsa da hanci.

Na ce Alhaji barka da rana, kayan nan da na saya wurinka ne ya mutu.

Ya karɓa ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina kamar mai sayen kilishi. Ya ce "wa ya haɗa maka mashin ɗin?"

Na ce ni na haɗa abina.

Sai ya dubi yaron, yaron ya dube shi, sunka kwashe da dariya. Wai "to injiniya, sannu da aiki. Kai ka ƙona abinka ka kwaso mana." Na danne zuciya na shiga yi mishi bayanin koren zare da baƙi, ban kai rabi ba ya ɗaga mini hannu ya amsa waya, minti goma ina tsaye cikin rana yana cinikin rago. Da ya gama na ce Alhaji kai da bakinka ka ce wata ukku. Ya ce "ina takardar?" Na ce ai ka ce tsakaninmu ba sai da takarda ba. Ya gyara hula ya ce "Malam, garantinmu bai san kuran ba. Ka tahi wurin masu wuta su biya ka."

Garantin kayan wuta bai san wuta ba! To mi ya sani, ruwan pampo? Na ce ka ɗauki abin nan ka ji, an rubuta wat 500 a jiki amma nauyinsa bai kai gwangwanin madara ba, kowa ya san ta ƙwarai nauyi gare ta. Ya ce "da kana son mai nauyi ai da ka sayi dutsin niƙa." Yaron har da buga tebur. Sannan ba kunya ba tsoron Allah ya ce akwai irinta sabuwa, don ni ne ya bar mini jika 20. Wato sati ukku ta ƙara jika biyu, ni kuma in ce na gode.

Amma ni ba Alhajin ne ya fi ci mini rai ba, shi ya ga banza ne ya hau. Wa ke duba abin da ke shigowa ta Dan Isa, bakin iyakarmu da Najeriya? Kowane tarkacen da duniya ta ƙi a manna mishi takarda mai sheƙi a jibge mana, ba mai aunawa, ba inda za ka kai ƙara, in ka yi magana a ce ka yi haƙuri haka Allah ya so. Haƙurin nan shi ya kashe mu wallahi.

Kuma a ce garin kasuwanci kamar Maradi wutarsa na rataye da layin da ya taho daga Katsina. Mun gani da idonmu a Agustan 2023 da Najeriya ta katse bayan juyin mulki, masu walda da masu ƙanƙara da telolin gari sunka koma zaman kashe wando. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen wasu, mu muna neman ashana. Madatsar Kandaji tun 2008 anka aza tubalinta, megawat 130 anka ce, yaron da anka haifa shekarar ya isa aure yanzu. Gwamnati ta zo ta tahi, ta farar hula da ta kaki, kowa da jawabinsa, faktir, takardar kuɗin wuta, ce kaɗai ba ta taɓa makara ba. Firijin gidanmu haka ya tahi, telen tsohuwata haka, caja kam na daina ƙirga.

Yanzu ga memuwar ɗin wata yarinya shafi 60 kwance cikin diski, jibi za ta kai ma malaminta, ta kira ni sau huɗu. Maƙwabcina ya zo ya karɓi alimantasiyonsa tun da azahar. Wannan ma da waya nike rubutawa, caji saura 9, kuma ga shi sun sake ɗaukewa.